Likitan da Ya Duba Haƙoran Alhaji Badamasi

Da safiyar wata Asabar, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, Altine ta shiga ɗakin maza na wani ɗan asibitin kuɗi da ke bayan tashar Gwarzo, riƙe da kwanon koko, ta wuce gadon yayanta ba ta gane shi ba. Sai da ta kai ƙuryar ɗakin ta juyo, ta ji wani ƙaton mutum mai fuska kamar fanke ya kira sunanta da muryar Alhaji Badamasi. Kwanon ya suɓuce. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Kafin hantsi labari ya kai caji ofis cewa an sa wa wani Alhaji mutumin ƙauyen Durun guba a asibiti. Motar 'yan sanda ta kwana biyu ba ta ga mai ba, don haka Sajan Sajo ya hau kekensa.

Sajo dogo ne siriri, mutumin garin Jama'a, ɗan gidan masu shanu. Ya sha kiwo kafin ya sa kaki, kuma har yanzu tafiyarsa ta mai bin garke ce, ba gaggawa. In yana sauraron mutum lumshe ido yake yi, har masu laifi da yawa suka ɗauka barci yake, suka saki baki.

Ya tarar da ƙofar asibitin cike da mutanen Durun. 'Yan Hisba biyu suna gardama a kan hukuncin mai sa guba. Ɗaya ya ce a yanke hannu, ɗayan ya ce ai ba sata ba ce, sai dai a tambayi malamai. A tsakiyar taron wani gajeren mutum mai babbar riga shuɗiya da sabuwar hula yana ta nuna tagar ofishin nas.

"Yallaɓai, sannu da zuwa, sannu da aiki," in ji shi yana miƙa wa Sajo hannu biyu. "Sunana Ya'u, daga Kabo, abokin arzikin Alhaji ne. Ba sai ka wahala ba. Yarinyar nan nas ita ta ɗura masa ruwa. Allura ɗaya ba ta kumbura mutum haka. Ruwa ne, ka kama ta kawai."

"To, madalla," in ji Sajo. Ya jingine kekensa ya shiga.

Mai asibitin, Dakta Lukuman, matashi ne da ido ya faɗa saboda rashin barci da rashin fetur. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Sajan, ƙodar Alhaji ta gaji, ba ta fitar da ruwa yadda ya kamata. Ruwan sha ma da ɗan kofi muke auna masa. Jiya da safe na bar shi yana samun sauƙi. Yau na zo na tarar da ledojin ƙarin ruwa biyu a rataye, ba komai a cikinsu."

"Wato ruwan ne."

"Ruwan ya kumbura shi. Amma fitsari ya tsaya cak, ga amai. Akwai wani abu da ya shiga jikinsa bayan ruwan, kuma ban san ko mene ne ba. Ɗansa yana tafe da mota daga Kano, da la'asar za a wuce da shi wankin ƙoda. In ban gaya wa likitocin can abin da ya shiga jikinsa ba, lalube za su yi a duhu, shi kuma ba shi da ƙarfin jiran lalube."

"Kai ina kake jiya da rana?"

"Layin mai. Tun safe har magariba. Ka tambayi duk Gwarzo, har hulata aka yaga."

Sajo bai buƙaci tambayar kowa ba. Shi da kansa ya raba faɗan, kuma ya tuna hular.

Ya fara da Altine, ƙanwar Alhaji, bazawara ce mai kamun kai, ita ke jinyarsa tun da aka kwantar da shi. Tana zaune a kan tabarma a baranda, ta ja mayafi har goshi.

"Me kika ba shi jiya?"

"Abin da Dakta ya ce. Tuwo da miya ba gishiri."

"Shi kaɗai?"

Ta ce, "Da ɗan yaji. Ya rantse in ban kawo ba shi da ni har abada."

"Kin ci?"

"Tare muka ci, a kwano ɗaya."

Sajo ya dube ta. Ko yatsanta bai kumbura ba. "Da azahar kina ina?"

"Na tafi gidan 'yar uwarmu ɗauko abinci. Maza duk sun tafi masallacin Juma'a, asibitin shiru. Da na dawo na ga an sa masa ruwa, na ce Alhamdulillahi, yau an kula da shi."

"Ba ki tambayi wanda ya ce a sa ba?"

"Ni? Ina ni ina tambayar ma'aikata? Sai su ce na raina musu ilimi."

Ofishin nas a kulle yake ta ciki. Sai da Sajo ya faɗi sunansa sau da yawa sannan Sista Fiddausi ta buɗe, idonta jawur.

"Ke kika sa ruwan?"

"Ni ce."

"Kin san Dakta ya hana?"

"Na sani. Amma babban likitan da ya zo daga Kano shi ya ce a sa."

Sajo ya buɗe idonsa gaba ɗaya, abin da ba ya yawan yi. "Wane babban likita?"

"Tun da aka kwantar da Alhaji yake cewa ɗansa zai turo babban likita daga birni, wanda zai nuna mana aiki. Jiya ana cikin huɗuba sai ga mutum da farar riga, da takunkumi ya rufe hanci da baki, da baƙin tabarau, da jaka. Ni kaɗai ce a bakin aiki. Ya ce ina Alhaji Badamasi, na nuna masa."

"Kin tambayi sunansa?"

"Sajan, a makaranta an koya mana in babban likita ya shigo miƙewa ake yi, ba tambaya ba."

"Me ya yi?"

"Ya yi masa allura."

"Wace iri?"

"Daga jakarsa ya zuƙo. Ya juya min baya, ban ga kwalbar ba. Da zai fita ya ce a ƙara masa ruwa leda biyu, kamar wanda ya tuna da saƙo. Na buɗe baki zan ce ƙoda ce, sai ya ɗaga min hannu. Na haɗiye maganata."

"Wa kika gaya wa zancen allurar?"

"Babu. Da Dakta ya ga ledojin ya hau ni da faɗa, mutane suka taru, na shigo nan na kulle. Kai ne na farko."

Sajo ya lumshe ido ya daɗe, har Fiddausi ta ɗauka barci ya kwashe shi. Sannan ya miƙe ya nufi ɗakin maza.

Alhaji Badamasi, babban ɗan kasuwar hatsi, mutum ne da in ya yi tsawa a kasuwa 'yan dako ke zubar da buhu. Yau yana jingine da matashi, hularsa ta ƙi shiga, an ɗora ta a saman kansa kamar murfin tukunya. Numfashi yake yi da ƙyar, amma bakin bai mutu ba.

"Sammu ne, Sajan. 'Yan baƙin ciki ne. Tun da na sayi masarar bara da araha suke bi na."

"Allah ya sawwaƙe, Alhaji. Jiya an yi maka allura?"

"An yi. Amma wannan ai magani ne, ba a lissafa shi."

"Wa ya yi?"

"Likitansu mana. Na asibitin nan."

"Su kuma sun ce naka ne, wanda ɗanka ya turo."

Alhaji ya yi ƙoƙarin zaro ido, kumburi ya hana. "Wannan yaron? Ai cika baki nake yi don su riƙa kula da ni. Ko mai kemis bai sani ba a Kano."

"To ba ni labarin yadda ya duba ka."

"Kai, gwani ne. Ban taɓa ganin likita mai bin diddigi irinsa ba. Ya ɗaga leɓena ya dubi haƙorana, ya ce shekaru sun ja amma da sauran ƙarfi. Ya ja fatar wuyana ya sake ta. Ya koma baya ya ƙare min kallo, ya ce nauyina zai kai buhu da rabi. Ko sikeli bai nema ba."

"Sai allurar."

"Sai ya ce na juya. Ya daddaki wurin da bayan hannu, bam, bam, har sai da naman ya mutu, sannan ya soka. Allurar kuwa, Sajan, kamar basilla. Yana sokawa yana cewa, 'Hoo, hoo, ɗan baba, kamar cizon ƙuda.' Ciwon bayan da nake ta kuka da shi, wanda Lukuman ya hana ni allurarsa, kafin la'asar ya tafi."

"Da ka ga ana rataya ruwa fa? Kai da ake auna maka da kofi?"

Alhaji ya kawar da kai. "Na gani. Raina ya ba ni wani abu. Amma mutum da farar riga, ga tabarau. In ce masa me? Ni boko na yi?"

Sajo ya fito baranda yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa a gaban 'yan jinya. Ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmar Altine.

"Wa kika gaya wa Alhaji yana fama da ciwon baya, an hana shi allura?"

"Mutane da yawa suna zuwa dubiya."

"A cikinsu wa ya fi daɗewa in ya zo?"

Mayafin ya ƙara saukowa har hanci.

"Malam Ya'u yana zuwa?"

"Yana zuwa."

"Wurin Alhaji, ko wurin mai jinya?"

"Kai, Sajan!"

"Ba zan gaya wa kowa ba. Ya nemi aurenki?"

Da ƙyar muryar ta fito daga ƙarƙashin mayafin. "Ya nema. Yaya ya ce ba zai ba mai warin maganin kaska ƙanwarsa ba."

"Me yake sayarwa a Kabo?"

"Maganin dabbobi. A kasuwa Dakta ake ce masa."

A bayan ɗakin maza, daidai tagar gadon Alhaji, akwai ragon da Dakta Lukuman yake kiwo saboda layya. Lafiyarsa ƙalau, har ya fi mai shi ƙiba. Sajo ya sa aka buɗe tagar, ya ce wa Fiddausi ta tsaya kusa da gadon kada ta ce komai. Sannan ya zaga ƙofar asibiti, inda Ya'u yake bayyana wa 'yan Hisba illar barin mata su riƙe allura.

"Malam Ya'u, ashe kai ne Daktan Kabo? Ka ɓoye mana."

Ya'u ya gyara zaman hula. "Haka mutane suke faɗa, Yallaɓai."

"Ka taimaka mana. Ragon likita ya ƙi cin abinci, yana ɗingishi. Shi likitan mutane ne, ya rasa yadda zai yi."

"Ai nan suke ba ni tausayi," in ji Ya'u. "Karatu daban, aiki daban."

Ya kwance akwatin da ke ɗaure a bayan babur ɗinsa. Taron ya bi su baya, har da 'yan Hisba. Ya'u ya naɗe hannun riga, ya kama ragon, ya ɗaga leɓensa ya dubi haƙora. Ya ja fatar wuya ya saki. Ya koma baya ya ƙare masa kallo, ya faɗi nauyinsa. Ya zuƙo magani daga wata kwalba mai ruwan ƙasa, ya daddaki cinyar ragon da bayan hannu, bam, bam.

"Hoo, hoo, ɗan baba, kamar cizon ƙuda."

Daga cikin tagar wata murya ta fashe, wadda rabon da a ji ƙarfinta tun a kasuwar hatsi.

"Shi ne! Wallahi shi ne! La'ananne, ni ka yi wa hoo?"

Sajo ya riƙe hannun Ya'u kafin allurar ta taɓa ragon, ya karɓi kwalbar ya miƙa wa Dakta Lukuman. A jikinta akwai hoton saniya, da doki, da raƙumi. Lukuman ya karanta rubutun, ya dafe kai.

"Maganin ciwon gaɓoɓi ne na shanu. Mai lafiyar ƙoda ma in aka yi masa wannan sai ya ji a jikinsa. Nawa ka zuƙa?"

Ya'u ya dubi ƙasa. "Na ɗan maraƙi."

A ƙasan akwatin, ƙarƙashin ƙullin gishirin lasa, aka sami farar riga a naɗe, da takunkumi, da baƙin tabarau.

Sai da 'yan Hisba suka yi da gaske kafin mutanen Durun su bar Ya'u da hularsa. Da hayaniya ta lafa, ɗaya daga cikin 'yan Hisbar ya tambayi Sajo yadda aka yi ya gane.

"Shi ya fara gaya min," in ji Sajo. "Ina sauka daga keke ya ce allura ɗaya ba ta kumbura mutum. A lokacin ba wanda ya san an yi allura sai mutum uku. Sista ta kulle kanta ba ta faɗa wa kowa ba. Alhaji bai ɗauke ta abin faɗa ba, sammu yake nema. Saura wanda ya yi ta. Likita yana layin mai, ni shaida ne. Altine ta ci abin da yayanta ya ci, ga ta nan garau. Sista ta sa ruwa, amma da umarni ta sa, kuma mai umarnin nake nema. Da Alhaji ya ba ni labarin dubawar, sai na ga kaina a rugarmu ina yaro. Likitan mutane ba ya sanin shekaru ta haƙori, ba ya auna nauyi da ido, ba ya dukan wuri kafin ya soka. Saniya ake yi wa haka don kada ta yi harbi. Mutum zai iya rufe fuskarsa, amma hannu ba ya mance sana'arsa."

"To me ya kai ka, Malam Ya'u?" in ji ɗan Hisbar.

Ya'u ya share gumi. "Taimako na yi niyya. Na ji an bar shi da ciwon baya. Na ce in na warkar da shi a ɓoye, ranar da aka sallame shi sai na zo na ce ni ne, ya ga mai warin maganin kaska ma yana da rana. Ruwan kuma na faɗa ne kawai don na ji likitoci suna faɗa. Amma ku yi min adalci. Na shigo ta ƙofar gaba, rana tsaka ana cikin huɗuba, na wuce nas, na juya Alhaji guda kamar buhu. Wallahi da mutum ɗaya ya ce min kai wane ne, da na ruga. Ba wanda ya tambaya."

Fiddausi ta sunkuyar da kai. Dakta Lukuman ya ce a hankali laifin har da nasa, tunda bai taɓa gaya wa ma'aikatansa suna da ikon tsayar da kowa ba, ko da shi ne.

Ɗan Hisbar kuwa wani abu ne daban ya dame shi. "Tsaya. Ana cikin huɗuba ka ce? Wato Juma'ar ma ba ka je ba?"

Da la'asar mota ta zo, aka wuce da Alhaji Kano, kwalbar tana aljihun Dakta Lukuman. Likitocin can suka ce da an ƙara kwana ba a san abin da aka soka masa ba, da sai dai wani labarin. An yi masa wankin ƙoda, kumburin ya saɓe a hankali, fitsari ya dawo, ko da yake ƙodar ba ta koma yadda take ba, kuma an ce zai riƙa zuwa asibiti har iyakar rayuwarsa. Alƙali ya ɗaure Ya'u, ya kuma hana shi taɓa duk wani mai ƙafa biyu, har kaza. Altine ta ce ita dai ta gode Allah da abin ya tsaya a kan yayanta da rago.

Bayan sallah Sajo ya sami shiga Kano, ya biya dubiya da 'yar leda a hannu. Tun daga bakin ɗakin ya jiyo muryar Alhaji. Wani dattijon likita mai furfura yana tsaye da sirinji, ɗalibai sun kewaye shi, Alhaji ya riƙe hannun rigarsa gam.

"Sunanka? Wa ya aiko ka? Mene ne a ciki? Ka san ciwon ƙoda gare ni? Nuna min kwalbar. Juya ta, in ga ko akwai hoton saniya."

Dattijon ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya juya kwalbar, har ya ce wa ɗalibansa da duk majinyata haka suke da ya fi samun barci. Sannan Alhaji ya saki hannun riga, ya hango baƙonsa.

"A'a, Sajan! Sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen Gwarzo? Tsaya daga nan. Mene ne a ledar?"

"Lemo ne da ayaba, Alhaji. Na dubiya."

Alhaji ya juya wurin likitan. "Dakta, mai wankin ƙoda yana shan lemo da ayaba?"

"A yanzu dai, a'a. Suna iya taɓa masa zuciya."

Alhaji ya tafa hannu, ya dubi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani ko? Na tsira daga likitan shanu, yau ga hukuma da kanta ta zo ƙarasa ni. Zauna, Sajan. Ɓare ka ci a gabana, in ya so ni na ji ƙanshin."